Rigar da Na Saƙa Sau Biyu a Ingila

Tun ranar da na dawo, duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka tambayarta ɗaya ce: "Malama Rabi, ya ƙasar Turawa?" Na ba da labarin a tsakar gida, na ba da shi a gidan biki, na ba da shi ta waya har muryata ta dushe. Abin da na lura shi ne kowa ta ɗauka sai ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya ma na ji wai na ci gasar saƙa a Landan, alhali ko ƙasar Landan ban taka ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi, har da wuraren da na ji kunya.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamar firamare ce mai ritaya a nan Kano, kuma saƙar kwarashi ita ce abin da na fi so a duniya bayan 'ya'yana. A wurin mahaifiyata na koya, da ido kawai, babu takarda babu suna. Ita dai ta san gajeren ɗauri da dogon ɗauri, shi ke nan. Daga baya 'yata Sa'adatu ta sa mini bidiyoyi a waya, na koyi sunayen ɗaurin da Turanci, na koyi karanta takardar saƙa. Duk Asabar mata suna cika mini falo ina koya musu. In faɗi gaskiya, har na fara jin cewa babu takardar saƙar da za ta gagare ni.

Sa'adatun ce ta jawo tafiyar. Tana karatun digirin digirgir a Manchester, mijinta Kabiru na tare da ita, ga ta da cikin fari, babu wani babba a kusa. Aka yi mini biza, na haɗa kaya: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, kanwa, gero surfaffe, busasshen ganyen darbejiya na wankan jego, turaren wuta, da kilishi ƙunshi uku. Kwarasaina kuwa na zuba su a jakar hannu, don ban yarda su yi nisa da ni ba.

Mota ta kai ni Abuja. A filin jirgi jakar hannuna ta shiga na'ura ta fito, sai wani ma'aikaci ya ɗaga ta ya ce ta wace ce. Ya zazzage kwarasan nan a kan tebur, guda tara, ya ɗauki mafi siriri yana juya shi.

"Hajiya, wannan na sakace ne?"

"Na saƙa ne, ɗana."

Bai gamsu ba. Na ciro zare na yi masa sarƙa mai tsawon hannu nan take a tsaye, mutane na jira a bayana. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce ai kakarta ma da irinsa take musu hula. Aka mayar mini da kayana.

A Manchester kuwa kilishi ne bai tsallake ba. Matar da ta duba fasfona ta tambaye ni wurin wa na zo da ranar da zan koma, na ba ta amsa da Turancina na aji shida, ta buga hatimi. A gaba aka tambaye ni ko ina ɗauke da nama. Na ce a'a, kilishi ne kawai. Da aka buɗe aka shinshina, aka ce ai wannan shi ne naman. Suka karɓe duka uku cikin ladabi, suna ta ba ni haƙuri kamar su aka yi wa laifi. Daddawa ce ta ba su wahala. Saurayin da ya buɗe robar ya ja da baya, ya rufe da sauri, ya miƙo mini ba tare da ya ƙara tambaya ba.

Kabiru ya tarbe ni da wata ƙatuwar rigar sanyi. Na ce ba na buƙata. Muna fita ƙofa iska ta mare ni, na miƙa hannu, ya ba ni rigar bai yi mini gori ba. Yaron kirki ne.

Gidansu a unguwar Hulme yake, flat ne a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo da wani kicin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Kwana shida da zuwana Sa'adatu ta haihu, mace, aka sa mata Amina. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shirun gidan. A ce an haihu a gini mai ƙofa goma sha biyu, amma babu wadda ta ƙwanƙwasa ta ce ina mai jego? Ɗalibai 'yan uwanmu dai sun zo ranar suna, kowa da kular abincinsa, kowa na duba agogo saboda jami'a ko aiki. Ragon kuwa a Kano aka yanka, hotonsa kawai muka gani a waya.

Wankan jego da butar lantarki na yi shi. In tafasa in juye, in tafasa in juye, sai na yi sau takwas kafin baho ya yi zafin da nake so. Ranar da na kunna turaren wuta kuwa, ban kai ga zagaya falon ba sai wani abu a rufi ya ɗauki ihu, kamar an taka wutsiyar kyanwa ɗari, ashe na'urar gano hayaƙi ce. Jaririya ta sa kuka, Sa'adatu na ta kaɗa tawul a sama tana cewa, "Umma, taga! Buɗe taga!" Ana cikin haka aka buga ƙofa.

Wata tsohuwar Baturiya ce, gajeriya, gashinta fari fat, tana dogara sanda. Maƙwabciyarsu ce ta ƙofar da ke kallon tasu, sunanta Dorin. Ta zo ne ta ga ko gobara ce. Da ta ga babu wuta sai ta tsaya tana jan numfashi, ta ce wannan ƙamshin fa, mene ne? Na ba ta kujera, na ba ta kunun kanwa. Ta kurɓa sau ɗaya ta ce yana da ban sha'awa, ta ajiye kofin ba ta ƙara taɓa shi ba. Daga baya Sa'adatu ta gaya mini cewa in Bature ya ce abinci yana da ban sha'awa, to bai so shi ba ne. Ta kuma gaya mini cewa lokacin laulayinta, Kabiru na wurin aiki, wannan tsohuwar ce take raka ta wurin likita da sandarta. Daga ranar na sa mata Kaka Dorin, kuma kullum da la'asar tana wurinmu ko ina wurinta.

Turancinta ya sha bamban da na littafi, rabinsa kawai nake kamawa. Kuma kowa "love" take ce masa. Ashe haka garin yake. Ranar da na fara shiga bas ni kaɗai, direba, ƙato da gemu, ya ce mini "love". Na dube shi sama da ƙasa, na je na zauna ina huci. Da na kai ƙara gida Sa'adatu ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki.

Wata la'asar Kaka Dorin ta tarar da ni ina saƙa wa Amina takalmi. Ta daɗe tana kallon hannuna. Sai ta tashi ta tafi ɗakinta, ta dawo da wani gwangwanin biskit. A ciki akwai ulu fari ƙwallo uku mai laushi, da kwarashi ɗaya, da ƙananan maɓallai huɗu, da wata takarda da ta yi jawur don tsufa, an rubuta ta da hannu.

Ta ce yayarta Ilin ce ta rubuta. Duk jaririn da aka haifa a danginsu, Ilin ce ke saƙa masa wannan 'yar rigar ya sa ranar da za a kai shi coci a yi masa baftisma. Ta saƙa wa 'ya'yan Dorin, ta saƙa wa jikokinta. Wannan ulun ta saya ne ta ajiye don tattaɓa-kunne na farko, sai ta rasu ba ta gan shi ba. Yanzu ga shi jikar Dorin ta haifi namiji a Birmingham, bikin saura mako uku, ita kuwa Dorin ba ta taɓa riƙe kwarashi ba a rayuwarta.

"Za ki iya?" ta ce. "In ba za ki iya ba, babu komai, love."

Na duba takardar. Sarƙa kaza, dabul kaza, tirebul kaza, layi kaza. Duk kalmomin da na sani ne. Na ce mata wannan ai aikin kwana huɗu ne. Ta kama hannuna da nata biyu ta riƙe. Washegari ɗanta ya zo ya tafi da ita Birmingham, aka bar shi a kan ni zan kai rigar da kaina, in ga gari.

Na fara. Inda aka ce dabul na yi dabul kamar yadda na sani: in naɗa zare a kwarashi, in soka, in jawo, in zare biyu, in ƙara zare biyu. Dogon ɗauri ke nan. Inda aka ce tirebul na naɗa sau biyu, wanda ya fi shi tsawo. Takardar ba ta faɗi awo ba, yawan layi kawai ta faɗa, ni kuwa na bi ta tiryan-tiryan.

Da na gama bayan rigar na ɗaga ta, sai na ga ta yi tsawo. Ba ƙaramin tsawo ba. Na tambayi Sa'adatu a fakaice, na ce su Turawan nan wane irin kaya suke sa wa jarirai ranar coci? Ta ce ta taɓa gani a hoto, doguwar riga ce har ta wuce ƙafa. Na ce alhamdulillahi, na ci gaba. Kabiru ya wuce ya gan ta shimfiɗe a kujera, ya tsaya, ya ce, "Umma, gyalen nan ya yi kyau."

Ina tsakiyar gaban rigar na biyu ulu ya ƙare. Ƙwallo uku, tas. Babu hannu ko ɗaya.

Na zauna da abin a cinyata. Ulun mamaciya ne, ba na kasuwa ba. Na ƙirga layukan sau uku, ban ƙara ko ɗaya ba. Sai na yanke hukunci cewa marigayiya Ilin ce ta yi kuskure wajen sayen ulu, Allah Ya sa ba zunubi na ɗauka ba. Ban gaya wa Sa'adatu ba. Da na gaya mata da minti biyu ya ishe ta ta gano a wayarta, amma ni da nake koya wa mata talatin, in je in ce wa yarinyar da ba ta iya sarƙa ba takarda ta gagare ni?

Na ɗauki takardar da ke naɗe da ulun na shiga bas har wani shagon zare da na taɓa gani wajen Fallowfield. Wata budurwa mai ɗan kunne a hanci ta duba ta ce wannan ulun an daina yin sa tun kafin a haife ta. Ta jera mini farare kusan iri shida, babu wanda ya yi daidai, wani ya fi haske, wani ya yi ruwan madara. Na yi mata bayanin cewa na bi takarda amma ulu bai isa ba. Sai ta ce wani abu da sauri, abin da na kama kawai shi ne, "UK ko US?"

Na ce, "Najeriya."

Ta yi ɗan murmushi, ta buɗe baki za ta ƙara magana sai wasu masu saye suka shigo. Ni kuwa na fita ina mamakin abin da ya haɗa ƙasata da ulu.

Ranar Juma'a Kabiru ya sa ni a doguwar motar Birmingham, bikin kuwa Lahadi ne. Sa'adatu ba ta yi arba'in ba, ba za ta fita ba. Rigar na can ƙasan jakata cikin leda. A hanya babu abin da nake yi sai shirya yadda zan gaya wa Kaka Dorin. Wata 'yar Jamaika da ke kusa da ni ta ba ni alewa, ta ce fuskata kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. A motocinsu babu mai tallar komai, babu tsayawa cin abinci, babu mai yi wa direba faɗa. Awa biyu da wani abu kowa na kallon gabansa.

Masaukina a unguwar Handsworth ne, gidan wata Mama Saratu, gwaggon wata ƙawar Sa'adatu. Ita ta zo tasha da kanta. Ina ta raba ido sai na ji an ce daga bayana, "Malama Rabi ko? Sannu da hanya, ƙanwata, kin sha sanyi." Hausa tsantsa, ta Zariya. Dattijuwa ce doguwa, Kirista, ta yi aikin nas a can sama da shekara talatin kafin ta yi ritaya. Gidanta irin jerin gidajen nan ne masu jan bulo da suke manne da juna. Ta kai ni ɗaki, ta ciro sallaya daga cikin durowa ta ce ta baƙi ce, ta nuna mini alƙibla da kusurwar taga. Na idar da salla na sauko na tarar da tuwon semo da miyar kuka da man shanu. Tun da na bar Kano ban ci abinci ya zauna mini haka ba.

Falonta kuwa duk saƙa ne. Kan kujeru, kan tebur, har butar shayi an saƙa mata riga. Na ce wa ya yi? Ta ce ita, tun tana 'yar shekara tara wata Baturiya ta koya musu a makarantar mishan. Na yi ta juya abin a raina har ta kawo shayi. Sai na hau sama na ɗauko ledar, na ajiye a gabanta, na ce, "Yaya, na shiga uku."

Ta sa tabarau. Ta karanta takardar Ilin a hankali, ta ɗaga rigar sama, rigar na ta warwarowa har ta taɓa ƙasa. Na ga tana danne dariya.

"Wannan jaririn," ta ce, "raƙumin dawa ne?"

Ta fashe da dariya har tabarau ya zame. Ni ma ban san lokacin da na kama ba, ina dariya ina share ƙwalla. Da ta lafa ta miƙo mini kwarashi da guntun zare ta ce, "Yi mini dabul in gani."

Na yi mata dogon ɗaurina.

"Wa ya koya miki?"

"A waya."

"To, Amurkawa ne suka koya miki. Wannan da kika yi, a ƙasar nan tirebul ne sunansa. Kawo."

Ta karɓa ta soka kwarashi ba tare da ta naɗa zare ba, ta jawo, ta zare madauki biyun gaba ɗaya. Gajeren ɗaurin mahaifiyata.

"Wannan ai singil ne," na ce.

"A Amurka. A nan shi ne dabul. Mutanen nan ba su da wani abu wai shi singil. Su madaukan da ke kan kwarashi suke ƙirgawa, in biyu ne dabul, in uku ne tirebul. Amurkawa kuwa sau nawa kika zare suke ƙirgawa. Ɗauri ɗaya ne, suna biyu. Duk sunan da kika sani, ki ɗaga shi mataki ɗaya, kin sami na Ingila. In kin ɗauki takarda, ki fara neman kalmar singil. In kin gan ta, ta Amurka ce. In babu, ki tsaya ki yi tambaya kafin ki taɓa ulun mutane."

Sai a lokacin yarinyar shagon nan ta faɗo mini. Na ba Mama Saratu labari, na ce ta tambaye ni UK ko US na ce mata Najeriya. Wannan karon sai da ta tashi ta dafa bango don dariya.

Ashe Ilin ba ta yi kuskuren komai ba. Ulunta daidai yake da rigarta, ni ce na ninka kowane layi. Na ce to yanzu ya za a yi, saura gobe kawai. Ta ce a warware. Zuciyata ta yi zafi, aikin kwana tara ne. Ta ce in ba zan iya ja ba ita za ta ja. Na ce a'a, ni na ɗaura, ni zan kwance. Na kama bakin zaren na ja, tana naɗewa a bayan kujera. Ulun ya fito a murɗe kamar taliyar yara. Ta ɗora buta a wuta, muka riƙa wuce shi ta cikin tururi a hankali har ya miƙe, muka shanya shi a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki.

Asabar bayan sallar asuba muka zauna. Ni na ɗauki jikin rigar da kwarashin Ilin, ita ta nemo mai kauri ɗaya a cikin nata ta ɗauki hannaye. Hannuna ya saba da na Amurka, da na ga dabul sai ya naɗa zare da kansa. Sai in ji ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ƙanwata, kin koma Amurka." In warware in dawo. Ta yi mini haka ya fi sau goma. Muka yi ta hira, ta ba ni labarin zuwanta ƙasar da akwati ɗaya, da yadda 'ya'yanta suke jin Hausa amma su mayar mata da Turancin Birmingham. Ta ce abin da ta fi kewa shi ne a shigo mata gida babu sallama ta waya. Da rana muka fita miƙe ƙafa zuwa babban titin unguwar. Ga masu sayar da doya, ga Indiyawa da atamfofinsu masu walƙiya, ga mahauci na halal, kai ka ce Sabon Gari ce aka sa mata rigar sanyi. Ta saya mana kifi da dankali a takarda, an yayyafa masa ruwan tsami. Kifin ya yi daɗi. Ruwan tsamin kuwa yana da ban sha'awa.

Kafin magariba na ɗinka maɓalli na huɗu. Rigar ta fito 'yar ƙarama, tafin hannuna biyu, ƙasanta kamar jerin ɓawon kifi. Ulun da ya rage bai fi tsawon hannu ba. Mama Saratu ta ɗaga shi ta ce, "Kin ga matar nan ta san abin da take yi."

Lahadi da safe ta raka ni gidan jikar kafin ta wuce nata cocin. Gidan cike da mutane suna ta shiri. Kaka Dorin na zaune a kujera da hula mai fure. Na miƙa mata gwangwanin. Ta buɗe, ta ɗaga rigar, ta juya ta, ta shafa ƙasan da babban yatsa. Ta kai ta fuskarta ta rufe ido. Jikar ta zo ta durƙusa kusa da ita, su biyu suna kuka a hankali, mazan gidan kowa ya sami abin kallo a bango.

Aka kawo yaron, wani ɓulɓul da shi, aka sa masa. Maɓallin ƙarshe da ƙyar ya shiga. Kaka Dorin ta ce mini ko kin sha wahala? Na dubi Mama Saratu, ta ɗauke kai. Da na so in ce a'a. Sai na ce mata gaskiya, na ce sau biyu na saƙa ta, ta farkon da ɗanta ne ma zai iya yafawa. Mama Saratu ta fassara musu dalla-dalla har da raƙumin dawa, falo ya kaure da dariya. Cocin ban bi su ba, amma da rana suka aiko mota ta ɗauke mu zuwa wurin liyafa, aka ware mini faranti babu naman alade babu giya, aka zaunar da ni kusa da Kaka Dorin. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta nuna ni ta ce ga wadda ta gama aikin Ilin.

Na ƙara wata guda a Manchester, Sa'adatu ta yi arba'in, na kamo hanya. A cikin jirgi ne, ina zaune babu abin yi, wata mata ta faɗo mini a rai, Binta. Shekara biyu da suka wuce ta zo ajina da wani tsohon littafin saƙa na kakarta. Na ce kowa ta yi dabul, ita ta yi gajere. Na gyara mata, ta ce haka littafin ya nuna. Na ɗaga aikinta a gaban mata na ce ga abin da ke faruwa in mutum ya zo koyo da taurin kai. Aka yi dariya. Ba ta ƙara dawowa ba, ni kuwa ban neme ta ba.

Kwana biyu da saukata, tun ban gama rabon tsaraba ba, na tambayi gidanta na je. Na same ta tana wanki. Ta yi mamaki, ta goge hannu ta shimfiɗa mini tabarma. Na ce littafin kakarki yana nan? Ta ɗauko shi a cikin leda, bangonsa ya rabu. Na buɗe na duba daga farko har ƙarshe, babu singil ko ɗaya. A shafin farko an rubuta an buga shi a Ingila.

Na ce, "Binta, ke ce da gaskiya. Ni ce ban sani ba, kuma na kunyata ki a gaban mutane. Ki yafe mini."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta, ta ce, "Haba Malama, ya wuce."

Na ce bai wuce ba tukuna. A gaban mata na yi, a gabansu zan gyara.

Asabar ɗin nan da ta gabata ta zo da littafinta, ta zauna can baya kusa da ƙofa. Na ce ta taso. Na tashi daga kujerata na ba ta, na gaya wa mata abin da ya faru tun daga gwangwanin biskit. Sannan na zauna a tabarma cikin ɗalibai da kwarashina. Binta ta buɗe littafin, ta ce kowa ta yi sarƙa ashirin, sannan dabul. Wata daga gefe ta ɗaga hannu ta ce, "Malama Binta, na wace ƙasa?"